Garkida: Garin Da Ya Tashi Daga Gindin Tsamiya

Yau zan ba ku tarihin Garkida, domin akwai darasi a ciki ga kowane ƙauye da ke wakilce a nan.

Garkida tana bakin kogin Hawul, a ƙaramar hukumar Gombi ta jihar Adamawa. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Bura suna zaune a wurin, suna noman dawa da auduga. A harshensu, sunan garin yana nufin dutsen gora.

A shekarar 1923 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka iso ƙasar Bura. Nufinsu su zauna a Biu, amma gwamnatin mulkin mallaka ba ta yarda ba, sai suka sauka a Garkida. Ranar 17 ga Maris, 1923, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya. Daga wannan inuwa aka samu Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta yi bikin cika shekara 100 a 2023.

Me ya jawo mutane garin? Makaranta da asibiti. A 1929 kuma aka buɗe wurin jinyar kutare a Virgwi, kusa da garin. Waɗanda danginsu suka guje su sun sami magani, da gona, da karatu. Da yawa sun koma gida da bishara.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. A 1974 aka fara shirin lafiyar karkara a Garkida. Ba a jira likita ya zaga kowane ƙauye ba. Ƙauye ne yake zaɓen 'ya'yansa, mace da namiji, a koyar da su wata uku, su dawo su koya wa jama'a tsabtar ruwa, da ciyar da yara, da maganin zazzaɓi, ta hanyar labarai da waƙoƙi. Aikin ya zama na mutanen gari.

Shi ya sa da 'yan Boko Haram suka shiga Garkida ranar 21 ga Fabrairu, 2020, suka ƙone majami'u da gidaje, garin bai mutu ba. An ƙone gini, amma ba a ƙone abin da mutane suka koya ba.

'Yan'uwa, 'yan mishan sun tafi, masu ba da agaji ma wata rana za su tafi. Rijiyar da aka haƙa muku, wa zai gyara ta? Ina roƙon kowace ikilisiya, kafin damina, ta zaɓi mutum biyu da za mu koyar, ta kuma kafa kwamitin rijiya da asusun gyara.

Allah ya ba mu ikon yi. Amin.