Kafin littafin Beauvoir, akwai Shibo



Muhawara ta yi zafi kwanan nan. Wasu na cewa aƙidar feminisim ta cinye jami'o'i, wasu na cewa duk mai sukarta maƙiyin mata ne. Ni dai ga matsayina.

Masu suka suna da gaskiya ta wani ɓangare. Ɗaliba daga Filinge za ta je Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ta cika kundin bincikenta da Simone de Beauvoir, don yaren da masu ba da kuɗin bincike ke son ji ke nan. Amma ka tambaye ta Shibo, sai ta yi tsit. To, Shibo mace ce daga Shikal, nan ƙasar Kurfai. Wajen 1925 ta jagoranci ƴan Babule suka bijire wa Faransa da sarkin da ta naɗa, har aka kulle su a Yamai. Shi kuwa shahararren littafin Beauvoir sai 1949 ya fito. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sai dai masu cewa neman haƙƙin mata baƙon abu ne, su ma sun kauce. Ranar 13 ga Mayu 1991, iyayenmu mata ne suka cika titunan Yamai suna neman kujeru a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, kuma aka ƙara musu.

Don haka ɗalibai, ku zo Kurfai ku zauna da tsofaffin mata tun suna raye. Ku tambaye su gado, gona, rijiya da karatun ƴaƴa mata, ku gina bincikenku a kan amsarsu.