Akwatin Talabijin da Amanar Malami: Darasi daga Jamus ta Gabas



An daɗe ana muhawara a kan kwaminisanci. Magoya bayansa suna cewa ba a haifi ɗan Adam da son kai ba, tsarin mallaka ne ya koya masa. Idan dukiya ta zama ta kowa, mutum zai yi wa ɗan uwansa aiki da zuciya ɗaya. Masu suka kuwa suna cewa duniya kowa tasa ce ta fisshe shi. Mu da ƙungiyarmu ta ginu a kan taimakon juna, wannan muhawara ta shafe mu, don haka bari mu auna ta da abin da ya faru a Jamus ta Gabas.

An kafa wannan ƙasa a 1949 bisa aƙidar kwaminisanci, talabijin kuma na hannun jam'iyya mai mulki. Sai dai yawancin gidaje suna iya kama tashoshin Jamus ta Yamma. A 1961, jim kaɗan bayan gina katangar Barlin, an tura matasan jam'iyya suna hawa rufin gidaje suna juya eriyar da ta fuskanci yamma. Gwamnatin da ke wa'azin nagartar ɗan Adam ta kasa amince masa ya kalli abin da ya ga dama.

Abin bai bar makaranta ba. Waɗanda suka tashi a can suna ba da labarin yadda ake tambayar yara ƙanana kamannin agogon da suke gani a talabijin kafin labarai, domin amsar yaro ta tona tashar da iyayensa ke kallo. Yaron da ya gane haka sai ya koyi baki biyu: na gida da na aji. Wace tarbiyyar sadaukarwa za ta tsiro inda ɗalibi ke tsoron malaminsa?

Amma kada masu cewa mutum kansa kaɗai ya sani su yi saurin murna. Ranar 9 ga Oktoban 1989, kimanin mutum 70,000 suka fito zanga-zangar lumana a birnin Leipzig, alhali suna sane za a iya buɗe musu wuta. Wasu suka ɗauki hoton a ɓoye, tashar yamma ta nuna shi washegari. Bayan wata guda katangar ta faɗi. Ashe sadaukarwa tana nan. Ba da umarni take zuwa ba.

Mu ma mun san wannan hanya. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar nan ƙarƙashin NTA, kuma sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu.

Saboda haka, 'yan uwa, mu riƙe abu biyu. Na farko, mu koya wa ɗalibai su tambayi mai tashar da manufarsa, gwamnati ce ko attajiri, kafin su gaskata labari. Na biyu, kada mu yarda a mai da aji wurin leƙen asirin iyaye, ko wa ya nema. Haɗin kanmu ma, idan ba da yardar rai aka gina shi ba, ba zai jure ranar wuya ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.