Zazzaɓin Sauro: Lissafi Domin Mazauna Daji

 

Maganarmu ta yau lissafi ce. Kada wanda bai yi makaranta ba ya ji tsoro, gama irin lissafin nan ne da kowane maigida ya ke yi ran kasuwa, sa'ad da ya tsaya gaban mai awo yana juya kuɗi cikin aljihu. Da ku na ke musamman, mazauna tunga da ruga da ƙauyukan bakin daji, irin na gefen Falgore, da Lame, da kurmin Gashaka, ku da in za ku zo ɗakin magani sai kun yi sammako. Abin da za mu duba shi ne, cikin dabarun tsare kai daga zazzaɓin sauro, wacce ce ta ke biyan kuɗinta ga wanda ya ke zaune nesa.

Mu fara da kuɗin ciwon kansa. Zazzaɓin da ya kama ɗan birni da wanda ya kama ɗan tunga iri ɗaya ne, amma farashinsu ba ɗaya ba ne. A birni, yaro ya kwana da zafin jiki, da safe uwa ta goya shi zuwa asibiti. A tsaga yatsa a ɗiga jini, kafin minti 20 an san ko ƙwayar na nan, a ba da maganin kwana 3, shi ke nan. A tunga fa? Ran farko sai a ce bari mu ga gobe. Ran na biyu rafi ya kawo, ba a ƙetarewa. Ran na uku a nemo mai babur, shi kuwa ya san ba ka da zaɓi, sai ya faɗi abin da ya ga dama. Kafin a iso wurinmu ƙwayar ta cinye jinin yaro, tafin hannunsa ya yi fari fat, aikin ya fi ƙarfin ɗakin magani, sai babban asibiti, sai ƙarin jini. Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga mutum biyu sun bar gona. Kuma ku lura, wannan ciwo bai cika zuwa da rani ba sa'ad da a ke zaune. Da damina ya fi zuwa, daidai lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa.

Akwai wani magidanci da ba na mantawa da shi. Ya kawo mini 'yarsa mai shekara 3 tana jijjiga, idanu sun juye. Allah ya sa ta rayu, amma sai da akuya biyu suka tafi, gonar masararsa kuma ta sha ciyawa. Da ta warke na tambaye shi, ina gidan sauron da na ba ka bara da hannuna? Ya ce, "Yana nan lafiya lau, Malam, a ɗaki can cikin gari." Ashe tun farkon damina shi da iyalinsa duk sun tare a bukkar gona, tafiyar rabin yini daga garin, ba su komowa sai bayan girbi. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na ga laifin har da nawa. Da muka yi rabo, ƙofa ƙofa muka bi muna ƙidaya mutane, ban tambayi ko mutum ɗaya inda ya ke kwana a watan Agusta ba.

To, gidan sauro mai magani shi ne kan gaba a lissafinmu. In Gwamnati ta saya da yawa, guda ɗaya wajen dalar Amurka 2 ne, ya kan rufe mutum biyu, ya kai shekara 3 in an kula da shi. Ku kuwa lokacin rabo kyauta a ke ba ku. Inda aka gwada shi sosai a ƙasashen Afirka, zazzaɓi ya ragu da kusan rabi, mutuwar ƙananan yara kuma ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin 6. Aikinsa biyu ne: ya tare sauro, sa'an nan ya kashe wanda ya sauka a kansa, watau har maƙwabcinka yana cin moriyarsa. Amma abin da ya sa ya fi dacewa da ku shi ne, ana naɗe shi a sa cikin buhu. Mai saran itace, da mai ƙona gawayi, da maharbi, da mai bin shanu, kowa yana iya tafiya da nasa. Sanda huɗu da igiya sun isa, a tura bakinsa ƙarƙashin tabarma. Can ƙasar Biyetnam, inda mutane ke kwana a gonakin cikin kurmi kamar ku, tsakanin 2004 da 2006 an gwada ba su gadon raga na ɗaurewa tsakanin itace biyu, mai haɗe da gidan sauro, aka ga zazzaɓi ya fi raguwa a ƙauyukan da suka samu. Dabarar dai ɗaya ce, kariya ta bi mutum inda ya ke kwana.

In sabo ne, ku shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ku shiga. In ya yi dauɗa, ruwan sanyi da sabulun wanka, a hankali, a busar a inuwa, gama rana tana kashe maganin. In ya huje, allura da zare. Wanda ya kewaye yabanyar tumatir da shi, ko ya kama kifi, ya sayar da doki ne ya sayi linzami.

Yanzu feshin ɗaki. Kullum in na je ƙauye sai dattawa su ce, me ya hana Gwamnati ta zo ta yi mana feshi a huta? Feshi yana aiki, ban musa ba, musamman a gari mai gidaje a haɗe, da bango sosai. Amma ku ji labarin abin da aka gani a ƙasarmu. A 1954 an soma feshin ɗakuna a yankin Birnin Kebbi. A 1955 aka tarar a Ambursa ɗaya daga cikin magungunan, wanda a ke kira dieldrin, ya daina kashe sauro. Sa'an nan daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi babban gwaji a ƙasar Garki, wadda ta ke cikin Jihar Jigawa yanzu. An yi feshi, an raba ƙwayoyi ga jama'a, an kashe kuɗi mai yawa. Zazzaɓi ya yi ƙasa ƙwarai, amma bai ƙare ba, da aka daina kuwa ya komo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wani sauron in ya sha jini ba ya zama jikin bango, waje ya ke fita. To, Garki fili ne, gari na ganin gari. Ina ga kurmi, inda bukka ta ke nan, wata sai an yi tafiyar sa'a guda, ga ma'aikata da kayansu da man mota, kuma bayan 'yan watanni maganin ya sane sai an sake? Ko inda hanya ta ke da kyau, kuɗin tsare mutum ɗaya da feshi a shekara ya kan kai kusan ninki uku na gidan sauro. Bukkar zana mai buɗe ta ko'ina kuwa, feshinta zuba ruwa a rariya ne.

Sare ciyawa tsabta ce, tana korar maciji, amma sauron zazzaɓi ba cikin ciyawa ya ke ƙwai ba. Cikin ɗan ruwan da rana ke bugu ya ke yi: sawun shanu, sawun mota, ramin da aka haƙa aka yi tubali. Kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwai ya zama sauro. Cike ramin da ke bayan ɗakinka, wannan ba ya cin kuɗi. Amma kada kowa ya ce zai bi kurmi duka yana cike rami. Maganin kunnawa mai hayaƙi kuma, kullum sai ka saya, a bukka iska ta kwashe hayaƙin. Tara kuɗinsa na damina ɗaya ka gani.

Abu na biyu mai araha ƙwarai shi ne maganin rigakafin yara na damina, wanda ma'aikata ke bi gida gida da shi wata wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka soma a Jihar Katsina a 2013, yanzu ya bazu a jihohin Arewa. Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Da aka yi lissafinsa a ƙasashe 7, har da Nijeriya da Nijar, bai kai dala 4 ga yaro ɗaya a shekara ba, kuma a gwaji ya hana wajen zazzaɓi uku cikin huɗu. Uwaye mata, da ku na ke. Na ran farko a gaban ma'aikaci a ke sha, na kwana na biyu da na uku kuwa yana hannunku. In aka ajiye shi bisa faifai aka manta, an yi asarar watan. In kun tare a gona, ku tambayi mai unguwa ranar zuwan ma'aikata, ku kawo yaran. Tafiyar yini ɗaya da yaro mai lafiya a kafaɗa ta fi sauƙi da irin tafiyar da mutumin nan ya yi.

Mai ciki kuma ta zo awo da zarar ciki ya wuce wata 3. Akwai ƙwayar da a ke ba ta wata wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, domin jininta da nauyin jariri. Allurar rigakafin zazzaɓin sauro ta yara ma ta zo, an soma ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Ƙari ce a kan gidan sauro, ba ta maye gurbinsa.

Duk da haka wani zai kamu, gama sauro yana cizo a wurin hira kafin a shiga kwana. In jiki ya yi zafi, ku zo a gwada jini cikin kwana ɗaya, kada a jira rafi ya kawo. Kada ku sayi kulorokwin wurin mai talla, ƙwayar cutar ta daɗe da fin ƙarfinsa. In yaro ya ƙi nono, ko yana amai da kome, ko ya soma jijjiga, ko ba ya gane uwarsa, ku taso ko da tsakar dare ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan cizon maciji lokacin girbi. Ku huta lafiya.