Hoton da ya ƙi motsi a kwamfuta



Yau maganarmu a kan hoto mai motsi ce, wanda ake kira GIF. A waya yana ta motsi, yana maimaita kansa. Ka kwafe shi zuwa kwamfutar tebur, ka buɗe, sai ya tsaya cik.

Hoton bai lalace ba. In ƙara faɗa, bai lalace ba. Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da GIF a shekarar 1987. Mai motsin nan, hotuna ne da yawa a jere cikin fayil guda. Tsohuwar manhajar kallon hoto ta Windows 7, hoton farko kawai take nunawa, ta bar sauran.

To, ina mafita? Ai tana cikin kwamfutarka tun tuni. Buɗe manhajar shiga intanet, kamar Chrome ko Firefox. Kama hoton da linzamin kwamfuta, ka ja shi, ka sake shi a kan shafin. Nan take zai fara motsi, ko da babu intanet. Mai Windows 10 ko 11 kuwa, manhajar Photos ta ishe shi.

Ga abin da ke damuna. Mutum ya shiga intanet neman manhaja, ya ga ƙaton maɓalli kore yana ƙyalli, ya danna. Sai ya kwaso wa kwamfutarsa cuta, takardun ofis da lissafin shago su salwanta saboda hoto ɗaya. In lallai sai ka sauko da wata manhaja, akwai IrfanView, kyauta ce ga mai amfanin gida. Ka ɗauko ta daga shafinta na asali.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.