Kafin Ka Jingine Kwamfutarka



Ɗalibai da malamai da yawa sun jingine kwamfutar tafi-da-gidanka don ta yi nauyi, ko ta fara ƙara ƙas-ƙas idan an kunna. Sau tari rumbun ajiyar cikinta ne ya gaji. Tsohon rumbu faifai ne mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da 'yar allura tana karantawa. Girgizar babur a kan hanyoyinmu na iya kassara shi. Sabon nau'in, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa.

Idan za ka sayo SSD don maye gurbin tsohon a titin Beirut a Kano, tafi da kwamfutar, domin wata mai inci 2.5 take ɗauka, wata siririn M.2. A kwashe takardunka tukuna, a cire batir kafin a taɓa rumbun.

Tsohon kuwa, don Allah kada ka bar shi a shagon gyara. Hotunan iyalinka da takardun bankinka suna nan ciki ko an goge. Karɓi abinka ka tafi da shi gida.