Ba Sai An Ƙona Jijiya Ba

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka kai tsaye zan tafi.

Ba zan tsaya bayanin yadda ƙyamaren jijiyoyin ƙafa ke lalacewa har jini ya riƙa gangarowa yana taruwa a sha-raɓa ba, kowa a zauren nan ya sani. Kun san tsohuwar tiyatar zare jijiya, kun san leza da ta ture ta. Rigimata da wasunku ɗaya ce: duk zaman da aka yi sai a ce a bari mu sami na'urar leza tukuna. Mun jira, majiyyata sun jira, gyambonsu dai bai jira ba.

Leza ƙona jijiyar take yi daga ciki. Saboda wannan zafin dole a jera allurai a cinya, a cika kewayen jijiyar da ruwan kashe zafi, kuma ƙasa da gwiwa ana iya taɓa jijiyar ji da ke maƙale da ita. Hanyoyin da ba sa ƙonawa sun raba mu da wannan. Akwai ClariVein, waya mai juyawa da ke kankare cikin jijiya tana fesa magani. Akwai gam na VenaSeal, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2015. A gwajin VeClose, mai mutum 222, ya toshe jijiya kashi 99 cikin 100 bayan wata uku. Ba ya tilasta sa safa mai matsewa, kuma wanda ya taɓa roƙon manomi ya sa ta a zafin Afrilu ya san darajar hakan. Sai dai kayansa sau ɗaya ake amfani da su, da dala ake sayowa, wasu kuma fatarsu kan yi ja da ƙaiƙayi. Mai hali ya saya.

Ni kumfa nake wa yaƙi. Wajen shekarar 2000 likitan Italiya Lorenzo Tessari ya nuna yadda ake haɗa ta: sirinji biyu, mahaɗi mai baki uku, kaso ɗaya na magani irin su polidocanol da kaso huɗu na iska, a yi ta turawa gaba da baya har ta yi kauri. Ana kallo a na'urar sikanin ana tura ta cikin jijiya. Ta kore jinin, ta ci bangon ciki, jijiyar ta rufe, majiyyaci ya tashi ya taka da ƙafarsa zuwa gida.

Ga hujjata, kuma ina roƙon ku rubuta. Gwajin EVRA, wanda aka buga a 2018, an yi shi a cibiyoyi 20 na Birtaniya a kan mutum 450 masu gyambon jijiya. Rabi aka naɗe musu ƙafa da bandeji mai matsewa aka jinkirta sauran aiki. Rabi aka naɗe, aka kuma toshe jijiyar cikin mako biyu. Matsakaicin lokacin warkewa ga waɗanda aka yi wa da wuri kwana 56 ne, ga waɗanda aka jinkirta kwana 82. A mako na 24, kashi 85.6 na rukunin gaggawa sun warke, ɗayan kuwa 76.3. Kwana 26 ke nan tsakani, kwana 26 na wanki da sayen bandeji da kuɗin mota da rufe shago. Kuma hanyar da aka fi amfani da ita a gwajin nan, a ƙasar da leza ba ta gagare su ba, kumfa ce. To mu me muke jira?

Na san za a ɗago mini gwajin CLASS mai mutum 798, inda bayan shekara biyar waɗanda aka yi wa leza ko tiyata suka fi na kumfa jin daɗi. Na karanta. Jijiyar da kumfa ta rufe ta fi saurin sake buɗewa, sai a ƙara allura. Amma zaɓin da ke gaban majiyyacinmu kumfa ne ko wanke gyambo shekara da shekaru. Tabon duhu da takan bari a fata da gudajin jini da kan faru nadiran, a gaya wa mutum tun kafin allura. Kuma don Allah kada a ɗauki kowane gyambo na jijiya ne. A duba sikila da ciwon suga, a taɓa bugun jini a ƙafa kafin a matse ta.

Roƙona ga shugabannin asibitocin koyarwa bai canza ba. Ku sa polidocanol cikin magungunan da kuke saye, ku ware wa masu gyambo na'urar sikanin ko da rana ɗaya a mako, ku koya wa kowane likita mai neman ƙwarewa a tiyata haɗa kumfa kafin ya fita daga hannunku.