Tsofaffin Rediyo Masu Bawul: Jawabi a Taron Shekara



An nemi in yi magana a kan abin da nake yi idan na taso daga ofis, wato gyaran tsofaffin rediyon sadarwa masu bawul. Ina nufin manyan rediyon nan da sojoji da jiragen ruwa da ma'aikatun waya suka yi aiki da su wajen kama saƙo daga nesa a gajeren zango.

Bawul wata 'yar kwalba ce da aka zuƙe wa iska, a cikinta akwai siririyar waya da wuta ke gasawa. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro ta a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya inganta ta, har ta iya ƙara wa raunanan saƙo ƙarfi. Bayan an samo tiransisto a 1947, sannu a hankali aka daina yayinta.

Wadda nake da ita ƙirar kamfanin RCA ce, samfurin AR-88, wadda aka ƙera a Amurka da Kanada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tana da bawul 14, nauyinta kuwa kimanin kilo 45, sai mutum biyu ke ɗaukar ta. Ingila ta yi amfani da irinta a tashoshin sauraro da ke ɗauko saƙonnin sojojin Jamus, ana kai su Bletchley Park domin a warware asirinsu.

To, ga yadda ake gyaran. Da farko, kada a jona ta da wuta ran da aka same ta. Bawul kan daɗe bai mutu ba. Abin da shekaru suka fi lalatawa shi ne kwandensa. Idan ta lalace aka ba ta wuta gaba ɗaya, taransifoma na iya ƙonewa, samun wata kuwa aiki ne. Saboda haka sai a share ƙura, a nemo zanen wayoyinta, a gwada kwandensa ɗaya bayan ɗaya, a sauya matattun da dalma. Sa'an nan a ba ta wuta ta cikin ƙwan lantarki: in ƙwan ya haska ƙwarai bai dushe ba, akwai matsala, sai a kashe nan take. A kuma kiyaye, wutar cikinta ta wuce bolt 200, kuma kwandensa na riƙe wuta ko bayan an kashe.

Jama'a, abin da ke damuna shi ne irin waɗannan na'urori suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana farfasa su saboda jar wayar da ke ciki. Wadda aka fasa kuwa ta tafi ke nan, domin an daina ƙera su.

Roƙona shi ne, duk wanda ya san inda wata take, a gida ko a sito, ya sanar da ƙungiya. Ni zan gyara ta kyauta, mu miƙa wa ɗakin kimiyya na makarantarmu. A cikinta yaro zai ga kowane sashe da idonsa, ya bi hanyar saƙo tun daga eriya har zuwa sifika, abin da ba zai gani a wayar hannu ba. Malamanmu sun koya mana wannan a allo. Mu kuma mu kai wa ƙannenmu abin da za su taɓa.